Mu a Zongon Kumasi ba ma ce wa mutum evil

Ɗan uwa na ga saƙonka, kana tambaya wai me ya sa Hajiya ta ɗauki zafi haka don kawai ka rubuta cewa matar Yaya evil ce, alhali kai wasan ƙanin miji kake yi, har ka ƙara da cewa ko zaman Gana ne ya sa muka kwashi tsoron 'yan coci. To bari in maka bayani, don ba kai kaɗai kake mana wannan kallon ba.

Ku a can kun ɗauka bad da wicked da evil duk abu ɗaya ne, duk mugu kenan. Mu da muka tashi Turanci na yawo a kasuwa da makaranta da kotu da bakin maƙwabta mun san ba ɗaya ba ne. Bad ba wani abu ba ne, abinci ma yana zama bad, hanya ma haka, yaro mai ƙiriniya ma haka. Wicked kuwa a Turancin Gana kullum sai ka ji ta, malami mai yawan bulala wicked ne, mai gidan haya da ya ƙara kuɗi wicked ne, direban trotro (motar haya) da ya wuce ka cikin ruwan sama shi ma haka, wato maƙetaci mara tausayi, kuma wanda ya faɗa maka da safe da shi za ku ci waakye (shinkafa da wake) da rana. Samarin Ingila ma har juya ta suka yi, in abu ya burge su sai su ce wicked.

Evil daban take. Sauran aikin da mutum ya yi suke zagi, ita kuwa mutumin kansa take kamawa, tana cewa zuciyarsa ta ruɓe ba gyara, ya fita daga sahun mutane. Shi ya sa su kansu masu harshen suke ajiye ta don irin su Hitler. Reagan ya liƙa wa Tarayyar Sobiyet ita a 1983, Bush ya liƙa wa Iran da Iraƙi da Koriya ta Arewa a 2002, shekara na zagayowa aka afka wa Iraƙi da yaƙi. Wanda ka kira da wannan sunan ka gama cewa ba za ka zauna da shi a yi sulhu ba.

To a nan Gana akwai wani nauyin kuma a kai. Yaranmu da yawa makarantun mishan suke zuwa, suna jin addu'ar Kirista ta safe da ake roƙon tsari daga evil a cikinta, fastoci kuma a rediyo dare da rana suna korar evil daga jikin mutane, maƙwabtanmu Tonawa, wato Asante, in sun ji ta abin da ke zuwa musu shi ne obonsam da bayie, wato shaiɗan da maita. In ka ce mace evil ce, abin da kunnen ɗan Gana ya ji shi ne mayya ce, kuma wannan ba maganar wasa ba ce a ƙasar nan wallahi. A Gambaga da Kukuo da Gnani akwai sansanonin tsofaffin mata da aka kora daga garuruwansu kan zargin maita. A Yulin 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, da duka a bainar jama'a a Kafaba, kusa da Salaga, Salagar nan da kakanninmu suka yi fataucin goro kafin yaƙin 1892 ya watsa su zuwa Kumasi da Kete Krachi da Ankara (Accra). Har majalisa ta amince da ƙudurin haramta jifan mutum da maita a 2023.

Matar Yaya Batoniya ce, na san abin da ke cin wasunku a rai kenan tun ranar ɗaurin aure. Ta musulunta, tana azumi, 'ya'yanta suna zuwa makarantar allo a Aboabo, amma danginta Kirista ne kuma suna karanta abin da muke rubutawa. Su dama an tsorata su cewa 'yan Zongo za su wulaƙanta musu 'ya, sai ga ɗan uwan miji daga Kano ya kira ta da wannan sunan a rubuce, me kake so su ce? Mu a nan auren Tonawa da Dagomba da Gonja ba sabon abu ba ne, tun zamanin goro ake yinsa, kuma bai hana 'ya'yan tashi da Hausa a baki ba.

Ba daga coci muka koyi kame bakin nan ba ma. Kakarmu Allah ya jiƙanta, ta iya zagi, ɗan banza da ja'iri ba wanda bai sha ba a gidanmu, amma ban taɓa jin ta ce wa wani maye ba, in yaro ya faɗa sai ta buge masa baki ta sa shi karanta Falaƙi da Nasi. Ta ga 1969 da idonta, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasar, ta ga yadda suna ɗaya da aka ɗora wa mutane ya raba su da gidajen da suka gina da hannunsu, ƙawayenta da yawa tun daga nan ba ta ƙara sa su a ido ba.

Abin da ke ba ni takaici, in mun zo Kano ku yi ta dariya wai muna ce wa mace ya zo, wai Hausarmu ta karye, ku ce mana 'yan Gana, in mun dawo nan mun je yin katin ƙasa a tsare mu da tambayar daga ina kakanmu ya zo. Alhali kokon da duk Ankara ke layi a kai da safe sunanmu ne a kansa, ƙosai da tuwon zafi ma da sunanmu na Hausa ake sayar da su, Sarkin Zongo yana nan da fadawansa. Mu kullum muna hanya zuwa bikinku da gaisuwar mutuwarku, ku kuwa rabon da wani ya tako Kumasi tun rasuwar kaka.