Tambaya da Amsa: Shin haɗa yatsu irin na mabiya Buddha yana saukar da hawan jini?

Tambaya: Malam, mahaifiyata ta daina shan maganin hawan jini tun da ta ga wani bidiyo a WhatsApp da ke cewa haɗa yatsu irin na mabiya Buddha, wato mudra, yana saukar da jini. Hankalina a tashe yake. Akwai gaskiya a ciki?

Amsa: Babu, 'yar'uwa. Ki lallaɓa Hajiya a kai ta asibiti a auna ta yau ɗin nan.

Kusan kullum sai an turo mini irin wannan bidiyo, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne masu yin sa ba su san ko ƙofar abin da suke tallatawa ba. A ɗariƙar Shingon ta mabiya Buddha a Japan, wadda wani malaminsu mai suna Kukai ya kafa bayan dawowarsa daga ƙasar Sin a 806, mudra ɗaya ce cikin abin da suke kira asirai uku: hannu yana ƙulla alama, harshe yana karanta mantra, wato kalmomin ibada da ake maimaitawa, zuciya tana halarto da surar Buddha, duka a lokaci guda. Su kansu masu abin haɗa ukun suke yi tare. Dubi gunkin Dainichi, babban Buddha a wannan ɗariƙa: ya miƙe manuniyar hannun hagu, ya damƙe ta cikin dunƙulen hannun dama, alamar haɗuwar talikai da hikimar Buddha. Wannan bayanin aƙida ne, babu ruwansa da jijiyoyin jini.

Haka kuma ba a koyon muhimman alamomin sai an karɓi izini daga malami, bayan bikin shigarwa da ake kira kanjo, inda ake yayyafa wa almajiri ruwa a ka. A tsaunin Koya, cibiyar da Kukai ya assasa a 816, limamansu sukan ɓoye hannuwansu ƙarƙashin riga yayin ƙulla su, domin kada idon wanda bai cancanta ba ya gani. To abin da masu shi suke rufewa haka, yaya aka yi wani mai neman mabiya a intanet ya same shi har yake rabawa a minti biyu?

Zama shiru da jan numfashi a hankali na iya sa mutum ya ji sanyi a jikinsa, nan ne tarkon yake, domin hawan jini yakan yi ɓarna ba tare da ciwo ba, sai dai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Ki goge bidiyon daga wayarta, ki tafi da ragowar ƙwayoyinta wurin likita, ki gaya masa ranar da ta daina sha.