Tambayi Likita: Azumi da Ƙwayoyin Jiki, da Wata Miyar Bulgeriya

Tambaya: Likita, wani saƙo na yawo a WhatsApp cewa wani ɗan Japan ya ci kyautar Nobel don ya gano azumi na kashe cutar daji. Gaskiya ne? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, mutumin gaskiya ne, kyautar ma gaskiya ce, sai dai an ƙara wa maganar gishiri. Sunansa Yoshinori Ohsumi, ya karɓi kyautar a 2016 kan abin da ake kira otofaji, kalmar Girkanci mai nufin cin kai, wadda wani masani ɗan Beljiyam, Christian de Duve, ya raɗa tun 1963. Shi kuwa Ohsumi da yis ɗin burodi ya yi aikinsa: ya hana shi abinci, ya leƙa ta madubin bincike, ya ga wasu 'yan jakunkuna na taruwa a cikin ƙwayar. A 1993 ya fitar da ƙwayoyin gado 15 masu tafiyar da aikin.

Ka san 'yan gwangwan, masu bin gida-gida suna sayen fasasshiyar tukunya da tsohon faranti, maƙeri ya narka ya zuba sabuwa? Haka ƙwayar jiki take yi. Idan abinci ya yi ƙaranci, sai ta naɗe lalatattun kayan cikinta a jaka, ta kai wani sashe mai narkarwa, ta sake gini da abin da ya fito. Kullum ana wannan aiki, yunwa dai tana ƙara masa wuta.

Bayan sahur, insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yana hawa, hanta ta ajiye sukari kimanin giram 100. Rana na yi, insulin na sauka, hanta na sakin ajiyarta kaɗan-kaɗan. Bayan awa 12 ko fiye jiki ya fara karkata ga ƙona kitse. Azuminmu a Arewa awa 13 zuwa 14 ne, wato muna isa bakin wannan mataki ne ladan ya kira magariba. Galibin ma'aunin otofaji kuma a kan yis da ɓeraye aka yi shi, don haka mai cewa a jikin mutum tana farawa a awa kaza daidai ya wuce gona da iri.

Batun daji shi ya fi damuna. Ƙwayoyin daji su ma suna amfani da otofaji su tsira idan sun takura. Na taɓa ganin mara lafiyar da ta ajiye maganinta wata uku saboda irin wannan saƙo, ta dawo mana ciwo ya ci ƙarfinta. Don Allah kada ka tura shi gaba.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ina shan ƙwaya safe da yamma. Zan iya azumin Litinin da Alhamis? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, sai na san irin ƙwayar. Metformin ba ta cika faɗar da suga fiye da kima ba, amma glibenclamide da allurar insulin suna yi. Ki ga likitanki ya gyara miki lokacin sha kafin ki fara. Ki riƙa gwadawa da rana: idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko sama da 300 (a ma'aunin mg/dL), ko kika ji rawar jiki da gumi mai sanyi, ki karya nan take.

Tambaya: Baba likita, ni ɗaliba ce a Plovdiv ta ƙasar Bulgeriya. Tsohuwar da nake haya a gidanta tana dafa wata miya a tukunyar ƙasa, gyuvech. Ta dace da buɗa-baki? Yaya ake yin ta?

Amsa: 'Yata, kin faɗa hannu na gari. Gyuvech sunan tukunyar ne da miyar duka, daga Turkanci suka aro shi. Tsohuwarki ma ta san azumi, ko da yake nasu na Kiristocin Otodoks daban ne: suna cin abinci, amma ba nama, ba ƙwai, ba nono, kwana 40 daga 15 ga Nuwamba, da kuma kafin Ista. Miyar da ba nama a ciki suna ce mata posten gyuvech. Ki riƙe kalmar posten, domin a gidajen abincin can naman alade ya yi yawa, wasu kuma suna ɗiga giya a miyar nama.

Ki soya albasa biyu a cokali uku na mai, ki sa naman rago rabin kilo ya ɗan yi ja. Ki juye a tukunyar, ki jera dankalin turawa da karas a ƙasa, sai gautan nan nasu babba mai ruwan shuni, tattasai, koren wake da kuɓewa, ƙanana, ba a yanka ba, don kada miyar ta yi yauƙi. Tumatir a sama, garin jan tattasai cokali guda, sai ganyen ƙamshinsu, chubritsa. Ruwa kofi ɗaya ya isa, kayan lambun za su fitar da nasu. Ki sa tukunyar a oben tun yana sanyi sannan ki kunna, in ba haka ba ta tsage. Zafi digiri 180 na Celsius, awa biyu, ki buɗe murfin a ƙarshe saman ya ɗan gasu.

A ganina ta fi tulin ƙosai da soyayyen dankali da muke afka wa da magariba: mai kaɗan, ruwa da yawa, ga kayan lambu masu sa suga ya hau a hankali. Ki sha ruwa da dabino, ki yi salla, sannan ki zauna mata da burodi yanka ɗaya da kindirmonsu mai tsami. Farin cukunsu, sirene, gishiri ne zalla, idan tsohuwa ta barbaɗa miki shi to kada ki ƙara wani gishirin, ƙishirwar gobe za ki jawo wa kanki.