Likita, mu jira tiyatar mutum-mutumi a Indiya ko mu yarda a buɗe cikin mahaifiyarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyarmu ce, shekarunta 54, aka ɗauki nama aka gwada, aka ce kansar bakin mahaifa ce. Likitocin da ke duba ta a Gombe sun ce tana matakin farko, za a buɗe ciki a cire mahaifar. Sai wani mai haɗa mutane da asibitocin Indiya ya ce kada mu kuskura a yanka ta, wai can mutum-mutumi ke aikin, ba ya kuskure, babu yanka babu jini, kwana biyu ta miƙe. Wata biyu ke nan muna neman mai sayen gona da haɗa fasfo. Hajiya ta ce ba za ta koma asibiti ba sai Indiya. Hankalina a tashe yake. Ya za mu yi? Daga wani mai karatu a Kumo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da ita. Cikin duk abin da ka rubuto, wata biyun nan ne ya fi tayar mini da hankali. Ku mai da ita asibiti cikin makon nan a sake auna matakin ciwon, ko da kuwa daga baya za ku yi tafiyar.

Maganar cewa mutum-mutumi ke yin aikin da kansa, ina jin ta kusan duk ranar da na zauna ganin marasa lafiya, kuma na gaji da ita. Na'urar da aka fi sani, da Vinci, wadda kamfanin Intuitive na Amurka ke ƙerawa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita tun shekarar 2000. Ba ta yanke shawarar komai. Likita ne ke zaune a gefe guda cikin ɗakin tiyatar, idonsa a kan hoton cikin jiki da aka faɗaɗa har ninki goma, yatsunsa cikin maɗauran sarrafawa, ƙafafunsa a kan matakai. In ya motsa hannu ta motsa, in ya ɗaga kai daga wurin kallon ta tsaya cak. Ga wani likitan a tsaye kusa da mara lafiya yana canza kayan aiki yana zuƙe jini, ga mai ba da maganin barci. In likitan ya ɗauki bututun fitsari da ke saukowa daga ƙoda a matsayin jijiya, na'urar za ta datse shi da kyau, ba tare da hannunta ya yi rawa ba. Keken ɗinki na lantarki bai taɓa mai da ɗan koyo tela ba.

"Babu yanka" kuma ƙarya ce tsagwaronta. Ana huda ciki wuri huɗu ko biyar, kowane kusan milimita 8, a hura iskar gas ciki ya kumbura, a karkatar da gadon kai ya yi ƙasa na tsawon sa'o'i. Yankan da ake yi a ciki daidai yake da na buɗe ciki, abin da za a cire shi ɗin ne dai za a cire. Jini na iya ɓallewa, hanji na iya hujewa, wani lokaci a tsakiyar aiki dole a janye na'urar a buɗe cikin. Shi ya sa takardar da ake sa hannu kafin aikin take ɗauke da wannan sharaɗin. Kuma yawancin na'urorin da ke aiki a yau ba sa isar wa likita da taurin nama ko laushinsa, da ido kaɗai yake kintata, alhali yatsan likitan kansa na gane abubuwa da dama.

Kada a ce na raina na'urar. Kan kayan aikinta na lanƙwasa kamar wuyan hannu, yana shiga lungun da hannu ba ya kaiwa, tana kuma tace makyarkyatar yatsu. Inda ta fi yin suna shi ne cire furosteti, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da yanke ƙari daga ƙoda a bar sauran ƙodar. Ana amfani da ita a kansar dubura, da cire sashen huhu, da gyaran bawul ɗin zuciya, da ƙarin maƙogwaro ta cikin baki. Likitocin ƙashi suna da tasu daban, irin su Mako, don sauya gwiwa da ƙugu. A 2001 ma Farfesa Jacques Marescaux ya zauna a New York ya cire wa wata mata matsarmama a Strasbourg ta Faransa, da wata na'ura mai suna ZEUS. A fanninmu na mata, tiyatar ƙananan huji, da na'ura ko ba da ita ba, tana da kyau ga kansar cikin mahaifa: jini kaɗan, ciwo kaɗan, sallama da wuri.

To amma ciwon Hajiya na bakin mahaifa ne, ba na cikinta ba, kuma a nan ne dillalin naku ya nuna bai san abin da yake sayarwa ba. A 2018 mujallar likitoci ta New England ta fitar da sakamakon wani babban gwaji da ake kira LACC, wanda Dakta Pedro Ramirez na cibiyar kansa ta MD Anderson ya jagoranta. Mata 631 masu kansar bakin mahaifa a matakin farko aka raba biyu, wasu aka buɗe musu ciki, wasu aka yi musu ta huji. Bayan shekara huɗu da rabi, kashi 96.5 cikin ɗari na waɗanda aka buɗe ciwon bai dawo musu ba, na hujin kuwa kashi 86. Mutuwa ma ta fi yawa a ɓangaren hujin. Gaskiya ne mafi yawan na hujin da laparoskofi aka yi musu, wato tiyatar huji da likita ke riƙe kayan aikin da hannunsa, kaɗan ne da mutum-mutumi, kuma ana ci gaba da wasu gwaje-gwajen a kan na'urar ita kaɗai. Duk da haka sakamakon ya sa manyan cibiyoyin kansa a Amurka da Turai suka koma buɗe ciki a irin wannan aiki. A 2019 FDA da kanta ta ja hankalin likitoci kan amfani da na'urar a wasu ayyukan kansa. Wato abin da likitocin Gombe suka ba ku shawara shi ne abin da ƙwararre mai tsoron Allah a Delhi ko Landan zai iya gaya muku, bayan kun biya kuɗin jirgi.

Me ya sa ake tallata ta haka? Na'ura ɗaya na kaiwa wajen dala miliyan 2, kayan da ake ɗaura mata suna da adadin amfani, in ya cika sai a jefar, ga kuɗin kula da ita duk shekara. Asibitin da ya saye ta dole ya nemo mata marasa lafiya. Shi kuma dillali la'adarsa na fitowa ne daga kuɗin da kuka biya, ba daga warkewar Hajiya ba. Bai ga sakamakon naman ba, bai san girman ƙarin ba, amma har ya zaɓa mata irin tiyata. Ranar da fitsari ya fara zubo mata bayan an dawo gida, wayarsa a kashe za ku same ta, kuma likitocin nan da aka ce kada a yarda da su, su za a kawo wa da tsakar dare.

Kansa ba ta jiran a sayar da gona. In ta fita daga bakin mahaifa ta shiga naman da ke gefensa, an wuce maganar tiyata gaba ɗaya, da hannu ko da na'ura, sai gashin ƙarin da na'urar haske da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, na makonni. Shi ya sa na ce a sake dubawa, domin matakin da aka faɗa muku wata biyu da suka wuce ba lallai shi ne na yau ba.

In zuciyarku ba ta kwanta ba, kuna da haƙƙin jin ta bakin wani likitan. Ku ɗauki sakamakon naman da hotunan ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ku nemi ganin babban likitan mata. In kuma Indiyar kuka nace, ku tura takardun kai tsaye ga likitan da zai yi aikin, ya rubuto muku wace hanya zai bi, don me, kuma irin wannan aikin nawa yake yi a shekara.

Hajiya kuwa, kada ku taru a kanta da gardama. Tsoron wuƙa ne, kuma an riga an zuga ta. Ku samo wadda take jin maganarta, yayarta ko malamar Islamiyyarsu, ta rako ta, likita ya zauna ya yi mata bayani da Hausa. Ƙannenka mata da matarka su yi gwajin bakin mahaifa a wannan zuwan, 'yan matan gidan masu shekara 9 zuwa 14 kuma a kai su allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa kansar bakin mahaifa, allurar da Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023.