Wai su ma 'yan Malesiya suna zuwa ci-rani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena shina karatu a Kuala Lumpur, shi ne yake ce min wai 'yan ƙasar ma barinta suke. Mu muna ta rububin zuwa can, su kuma mi ya kore su? Daga mai karatu, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. A 2011 Bankin Duniya ya ƙiyasta kusan mutum miliyan 1 'yan Malesiya ne ke zaune a waje, kuma mafi yawansu ba su yi nisa ba, suna nan Singafo maƙwabciyarsu.

Amma sai ka fara sanin su waye 'yan Malesiyar. Ba duka ne Malayawa Musulmin nan da kake gani a Harami cikin sahu da jaka iri ɗaya ba. Zamanin Turawan Ingila 'yan Sin sun kwararo haƙar kuza, aka kuma kwaso Indiyawa, galibi Tamil, aikin gonakin roba, jikokinsu kuwa duk 'yan ƙasa ne yau.

To bayan rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969 sai gwamnati ta fito da wani tsari a 1971 da ya fifita Bumiputera, wato Malayawa da sauran 'yan asalin ƙasa, wajen gurbin jami'a da aikin gwamnati da kwangila, kaga kamar dai maganar takardar indijin ɗin nan tamu, yaro ɗan asalin Sin ya ci jarabawa da kyau amma ba gurbi, sai iyaye su tattara abin da ke hannu su tura shi Ostareliya ko Ingila, daga nan da yawa ba sa dawowa. Shi yasa 'yan asalin Sin suka fi yawa cikin masu fita. A ganina wannan ya fi komai korar masu ilminsu.

Sai batun kuɗi. Singafo sai 1965 ta rabu da Malesiya, dangi ne, kuma dalarta ɗaya ta kai ringit 3, kuɗin Malesiya. Kullum da asuba gadar Johor da ta haɗa Malesiya da Singafo cike take da babura, mutum ya yi aiki Singafo ya dawo gida ya kwana, kamar mai tsallakawa Ƙwanni daga Illela.

Malayawa su ma suna fita, tun da daɗewa akwai waɗanda suka je Hajji suka zauna Makka neman ilmi, Larabawa na ce musu Jawi. Kuma da Sallah ta matso tikitin jirgi ke tsada, kowa sai "balik kampung", wato komawa ƙauye wajen tsofaffi.