Amsa ga ɗana kan zancen mai masauki da Lise Korombe

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce innarka ta aiko daga Illela cewa ka karɓi yaron maƙwabcinta da ya samu birbe, wato takardar gama kwaleji, ubansa ya nema mishi wuri a Lise Isa Korombe nan Yamai, ya zauna gidanka shekara uku har ya yi bak, jarrabawar gama lise. Kana tambaya ko wannan al'ada ce mai tushe, ko kuwa ɗora wa ma'aikaci nauyi ne kawai, tun da ga Lise Agabba nan a Tawa.

Tana da tushe. Saukar baƙo dai tsohon abu ne, fatake da almajirai sun san mai masauki tun kafin Nasara. Amma saukar ɗan lakwal, wannan makarantar da yaron zai shiga ita ta girmar da shi, don haka sai ka san tarihinta.

Da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi Yamai a 1926, makarantar da ta fi kowace zurfi a ƙasar ita ma a Yamai ta zauna. Da farko karatu ne na gaba da firamare kaɗan, na fitar da akawu da tafinta. Wanda ya yi zarra sai a tura shi Senegal, makarantar William Ponty. Ta can Bubu Hama da Diori Hamani da Jibo Bakari suka bi suka dawo malamai. A lokacin ba a son lakwal. In an ce sarki ya kawo yara, sau da yawa sai ya ɓoye nasa ya tura na talakawa, uwaye suna kuka kamar an yi mutuwa. Sannu a hankali makarantar ta zama kwaleji, wajejen samun mulkin kai na 1960 kuma aka koma kiran ta Lise Nasiyonal. Shi ya sa har yau tsofaffi irina bakinmu bai saba da Korombe ba.

To ka duba girman ƙasar nan, daga Tera har Gigimi, a ce duk yaron gwamnati da zai yi bak a farkon shekarun mulkin kai sai ya zo Yamai. Jami'a ma ba mu da ita sai a 1971 aka ɗora harsashinta. Ɗan Adar ya hau babbar mota a Tawa, ya bi ta Ƙonni da Dogon Dutse da Doso, fiye da kilomita 500, ya sauka jajir da ƙura a garin da rabin mutanensa Zabarmanci suke yi. Mahamadu Isufu ɗan Dandaji, da ya yi shugabancin ƙasa, ta wannan makaranta ya bi. Akwai ɗakunan kwana, gwamnati na ba da abinci, amma duk da haka ba uban da zai saki ɗansa bai damƙa shi hannun wani ba. Wa zai je in an kira iyaye? Ina zai nufa ranar Lahadi, ko da ƙaramin hutu, ko in ciwo ya kwantar da shi?

Nawa mai masaukin mahauci ne a Zongo, bai san ko baƙi ɗaya na boko ba. Mahaifina ya aiko ni da buhun hatsi da ƙwaryar goro da wasiƙar ajami. Ya karanta, ya dube ni, ya ce wa uwargidansa, ga ɗanki nan. Duk ƙarshen zango sai ya karɓi takardar sakamakona, ya riƙe ta da yatsu biyu don kada maiƙo ya taɓa ta, ya kai wa wani ma'aikacin gidan waya ya karanta mishi lamba lamba. In lissafi ya sauka, ranar ba ni da fita. In ya hau, sai ya ƙunso min kilishi a takarda bai ce komai ba. Bai taɓa karɓar ko dala daga kuɗin da gwamnati ke ba ni ba. Allah ya jiƙan shi da rahama.

Daga baya aka buɗe lise a manyan garuruwa, aka kuma raɗa musu sunayen mazajen ƙasa: Amadu Kuran Daga a Damagaram, Ɗan Baskore a Maraɗi, Sarauniya Mangu a Doso, Agabba a Tawa, wato wanda ya kafa sarautar Adar ɗinmu. Ta Yamai aka ba ta sunan Isa Korombe, mayaƙin Zabarmawa da ya faɗi a yaƙin Bumba a 1896. Ka ce nauyi ya ragu ke nan? Ƙaruwa ya yi. Yara suka yi yawa, aka rufe ɗakunan kwana, ɗan ƙauye ya koma ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa sai zauren wani. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy, ina da ƴaƴan mutane biyu a gidana. Ba wayar hannu, iyaye na can nesa suna jin rediyo. Mu masu masauki mu ne muka bi gari muna neman yara har dare.

Amma kada ka ɗauka duk wanda ya sauki yaro ya riƙe amana. Na ga gidajen da aka mayar da ɗan lakwal ɗan aike, ya ɗebi ruwa, ya yi wanki, ya je kasuwa, sai ƙarfe goma na dare ya buɗe littafi yana gyangyaɗi. Ƴan mata sun fi shan wannan wuya, da yawa nan karatunsu ya ƙare. Idan ka san haka za ta faru a gidanka, ko ɗakinka bai isa ba, gara ka faɗa wa innarka gaskiya tun yanzu, ba abin kunya ba ne, mu nema mishi wani gida. In kuwa za ka karɓa, fara da shawartar matarka, domin ita ce za ta ƙara awo a tukunya. Uban yaron ya zo da kansa ya damƙa maka shi a gaban shaida, ku yi magana a fili kan hatsi da kuɗin magani da na mota. Abin da ya kawo ka karɓa, kada ka yanka mishi kuɗin wata kamar ɗan haya. Yaron ya ci abin da ƴaƴanka ke ci, ya yi aikin gida daidai da nasu. Ka je makarantar da ƙafarka ka rubuta sunanka da lambarka, malamai su san fuskarka. Ka samar mishi fitila da tabarma a wurin da talabijin ba ta kai wa.

Ka gai da matarka da yara. Ranar Juma'a bayan masallaci ka biyo ta gida, mu kira innarka tare mu ji ranar da za su taso.