Tambaya da Amsa: Mece ce "bolta"?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon jirgin yaƙi ya sauka a kan katafaren jirgin ruwan Amurka, tayoyinsa sun taɓa sai ya sake tashi, na ji ana cewa "bolta". Me ake nufi? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: To ɗana, a ƙarƙashin wutsiyar jirgin akwai wata ƙugiya, a dandalin sauka kuma an gitta igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu. Idan ƙugiyar ta cafki ɗaya, jirgin da ke gudun kilomita kusan 240 a awa zai tsaya cak cikin daƙiƙa biyu. Wannan suke kira "tirap", wato tarko ya kama. In ta kuskure igiyoyin duka, ita ce "bolta", sai ya zagayo ya sake gwadawa. Shi ya sa da tayoyi sun taɓa, matuƙi ke ƙure wa injin wuta, don in bai kama ba ya samu ƙarfin tashi, in ba haka ba sai teku. Ni dai wannan ya fi ɗaure mini kai: kana neman tsayawa kana ƙara wuta!

Tashi kuma da majajjawa ake cilla shi, da ƙarfin tururi, amma jirgin ruwan Amurka mai suna Gerald R. Ford na 2017 da maganaɗisun lantarki yake yi. In ka ji "bingo", mai ne ya ja baya, dole a nufi filin sauka nan take. Cikin ma'aikatan dandalin, masu shunayyar riga su ke zuba man, masu ja kuma makamai ne aikinsu.