Ku Tambaya Mu Amsa: Mil ne ko kilomita? Gardamar 'yan keken Agege

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya jama'a. Mu wasu 'yan Arewa ne mazauna Agege, duk ranar Lahadi bayan sallar asuba mukan hau kekunanmu mu zaga gari kafin go-silo ya tashi, in mun dawo sai mu zauna wurin mai shayi. To akwai wani dattijo a cikinmu, Baba muke ce masa, tun zamanin Raleigh yake tuƙa keke, shi har gobe da mil yake lissafi, mu kuma yara wayarmu kilomita take nuna mana. Satin da ya wuce wani abokinmu ya ce ya yi 50, Baba ya ce shi 35 ya yi amma wallahi ya fi shi nisa, aka yi ta ja-in-ja ana dariya har shayi ya huce, ƙarshe aka ce wanda ya faɗi shi zai sayi shayi da burodi na kowa. Don Allah wa ya ci? Kuma wanne ya kamata mu riƙe? (Daga wani mai karatu, Agege, Legas)

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya bar zumunci. Ka gaya wa abokin nan naku ya tanadi kuɗin shayi, Baba ne ya ci. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, to mil 35 ya haura kilomita 56 kaɗan, ka ga ya ba shi ratar kilomita shida kenan. In ba kwa son danna kalkuleta a bakin titi ku riƙe cewa mil biyar kilomita takwas ne, ko kuma ku ɗauki adadin mil ɗin ku ƙara masa rabinsa da kashi ɗaya cikin goma nasa, 35 da 17 da rabi da 3 da rabi, 56 ta fito.

Kuma kada ku ce Baba ya tsaya a da. Lokacin da ya koyi keke mil ne ma'aunin ƙasar nan, Turawan Ingila suka bar mana shi tare da fam da sule da tuƙi ta hannun hagu. A 1972 muka koma tuƙi ta dama, a 1973 naira da kwabo suka zo, a cikin waɗannan shekarun ne kuma aka koma mita da lita da kilo. Sai dai doka takan canza allon kan hanya, bakin mutane kuwa sai a hankali. Kasuwar da 'yan uwanmu ke sauke tumatir da albasa da tattasai har yau Mile 12 sunanta, ba wanda zai ce wa kwandasta ya sauke shi a Kilomita 19, ga Mile 2, a Kano ma akwai Mil Tara. Tela yadi yake auna maka shadda, dillalin fili ƙafa 50 da ƙafa 100 zai ce maka. Can Amurka da Ingila kuwa har yanzu mil ne a allunan titinsu.

Amma in ka tambaye ni, a kan hanya ku riƙe kilomita. Shi ne a allunanmu, shi ne a tseren keke na duniya irin na Faransa, kuma ku da kuke ƙungiya ɗaya in kowa na lissafi da nasa kullum sai an yi irin ta satin jiya. A wayar ma ana canza shi cikin saitin, minti ɗaya bai kai ba, ku saita wa Baba ya riƙa ganin kilomita.

Inda nake so ku buɗe ido sosai shi ne jikin keken kansa, don a nan ne wannan gardama take cin kuɗin mutum. Keke ɗaya ma'auni biyu ne a jikinsa, tsakanin ƙwayar cen da ƙwaya rabin inci ne, zaren feda ma da inci ake yanka shi, amma sifanar da za ka kwance fedar lamba 15 ce ta milimita, ƙananan kusoshin sirdi da na birki kuma 4 ko 5 ko 6. Taya ce ta fi rikitarwa. Ni da kaina na taɓa shiga wani shago na ce a ba ni taya 28, aka miƙo min na biya na taho gida, mai gyara ya yi ta fama da ita yana danna wa da babban yatsa yana zufa, ta ƙi zama kan wili, tana lilo kamar rigar aro. Sai ya juya gefenta ya nuna min wasu ƙananan lambobi, 635, ya ɗauko tsohuwar tawa ita kuma 622 ce a jiki. Dukkansu 28 ake ce musu, amma 635 ta tsofaffin kekuna ce irin na Baba, 622 kuma ta kekunan tsere na yanzu da ake rubuta wa 700C. Abin da zai ƙara ba ka mamaki, taya mai inci 27 wilinta milimita 630 ne, wato ta fi waccan 28 ɗin mai 622 faɗi. Kekunan hawan dutse masu 26 kuma 559 ne. Don haka in za ka sayi taya ko tib ka duƙa ka karanta lambar milimitar da ke gefen tsohuwar, ka ɗau hotonta a waya ka nuna wa mai shago, ita ce ba ta ruɗi.

Ka gaishe min da Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya, dattijon da zai yi mil 35 kafin karin kumallo a titin Legas ya cancanci a zuba masa madara biyu.

TAMBAYA: Malam famfona yana da lambobi layi biyu, mai faci ya ce in sa 60, a ɗaya layin kuma ko 12 babu. Wanne zan bi? (Daga Idi-Araba)

AMSA: Mai facin PSI yake nufi, ɗaya layin kuma bar ne, dukkansu ma'aunin ƙarfin iskar taya ne, bar ɗaya ya kai PSI 14 da rabi, to 60 ɗinsa bar 4 ne da ɗan ɗoriya. Amma kafin ka buga iska duba gefen tayar, kamfani ya rubuta iyakar abin da za ta ɗauka, kada ka wuce shi musamman da ranar nan da kwalta ke zafi.